Kafin a ɗauke ka daga Damagaram: yadda za ka gina kanka, ka reni magaji a ikilisiya

Wata Lahadi cikin bazara muka taru a ƙofar majami'a, mu wajen talatin, rana ta fara ɗagawa, ƙofa kuma a garƙame. Fasto ya tafi taro Maraɗi, motar da ta ɗauko shi ta lalace bayan Tasawa. Dattijon da ke riƙe da makulli kuwa an yi masa canjin wurin aiki a makon, ya kwashe iyalinsa, makullin ya bi shi cikin aljihun riga. Sai da aka kira wani yaro ya zo da guduma ya fasa kwaɗon. Muka shiga muka zauna, sai kallon-kallo. Mai jan waƙa tana jiran a ce ta fara, matasa suna jiran manya, manya suna jirana. Na tashi na yi komai ni kaɗai: na buɗe da addu'a, na karanta nassi, na yi wa'azi da Hausa ina maimaitawa da Faransanci, na ƙirga baiko. Da muka koma gida matata ta ce, "Malam, da kai ma zazzaɓi ya kwantar da kai yau fa?" Ban sami amsar da zan ba ta ba. Shekara tara ina dattijo a wurin, ban taɓa koya wa mutum ɗaya ko yadda ake buɗe sujada ba.

Tun 1924 ƴan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka zauna a Damagaram, amma har yau mu kaɗan ne, kuma yawancinmu masu wucewa ne: ma'aikatan gwamnati, sojoji, ɗaliban Jami'ar André Salifou, ƴan kasuwa daga Benin da Togo da Najeriya, sai ƴan ƙasa ƙalilan. Wanda ke jan sujada bana, baɗi yana Diffa ko Agadas. Ikilisiyar da ta rataya a wuyan mutum ɗaya rumfa ce mai dirka ɗaya. Abin da ke tafe shi ne abin da na koya tun daga waccan Lahadin, daki-daki. Ina cewa "ka", amma maganar ta haɗa da ƴar'uwa mai jagorar zumuntar mata ko makarantar Lahadi.

Kafin komai, ka gyara hoton shugaba da ke cikin kanka. Mun tashi muna ganin sarauta da kwarjininta, dogarai da algaita da masu faɗuwa suna gaisuwa, kuma muna girmama ta a muhallinta. Haɗarin shi ne mutum ya shigo da wannan hoton cikin majami'a bai sani ba. A Markus 10:42-45 Yesu ya nuna wa almajiransa yadda masu mulkin al'ummai suke nuna iko, ya ce tsakaninsu ba haka za a yi ba, mai son girma sai ya zama bara. A Yahaya 13 ya ɗaura tawul ya wanke musu ƙafa. Mu da muke tafiya cikin rairayi da takalmi buɗaɗɗe mun san yadda ƙafa take da yamma. Saboda haka ka zaɓi ƙaramin aiki ɗaya da ba za ka taɓa barinsa ba komai girman da ka samu: cika randar majami'a, ko jera bencina, ko wanke makewayi ranar Asabar. Matasa za su rugo su karɓe tsintsiyar daga hannunka, domin tarbiyyarmu ke nan. Ka gode musu, ka ce su ɗauko wata ku yi tare.

Daga nan sai lokacin da babu mai ganinka. Markus 1:35 ya nuna Yesu yana tashi da sauran duhu ya tafi inda ba kowa ya yi addu'a. A garin nan ba ka bukatar agogo, kiran assalatu zai tashe ka. Maimakon ka juya ka ja mayafi, ka tashi. Rabin awa ya isa a fara. Ka ɗauki littafi ɗaya ka bi shi daga farko zuwa ƙarshe: Markus mai sura 16, sannan wasiƙu biyu zuwa ga Timoti da ta Titus, sannan Nehemiya mai sura 13. Ka ajiye ɗan littafin rubutu irin na ƴan lakol, kullum ka rubuta abu biyu: me wurin nan ya nuna mini game da Allah, me kuma zan gyara yau. Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka haɗa wannan karatun da shirin wa'azi. Na yi shekaru ina buɗe Littafi Mai Tsarki don neman abin da zan faɗa wa mutane, kamar mai tuwon sayarwa da ke kwana da yunwa. Wanda karatu ke yi wa wuya ya sa a zuba masa na saurare a waya. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, yau kuma ga shi da murya.

Mataki na gaba shi ne awo. Ka buɗe 1 Timoti 3:1-7 ka karanta sharuɗan mai kula da ikilisiya a hankali. Za ka ga cewa a duk jerin, abu ɗaya ne ya shafi gwaninta, wato iya koyarwa. Sauran duka hali ne: kamun kai, karɓar baƙi, rashin faɗa, rashin son kuɗi, iya riƙon gida. Kada ka auna kanka da kanka, laifi tudu ne. Ka ba matarka jerin, ka ce ta nuna maka biyu da ka fi rauni a kai, ka yi alkawarin ba za ka kare kanka ba. In ta faɗa ka yi shiru, ka gode.

Aya ta bakwai ita ce ta fi shafar mu a nan: sai mutum yana da kyakkyawar shaida a wurin waɗanda ke waje. Na waje a Damagaram su ne maƙwabtanka Musulmi, mai gidan da kake haya, mai shagon da kake cin bashi, ɗan ga-ruwan da ke kawo maka jarka lokacin da famfo ya ɗauke, ɗan kabu-kabun da kuka yi ciniki da shi. Ka biya su a kan lokaci. Ka je suna, ka je gaisuwar mutuwa ka zauna a tabarma, ka yi barka da salla. Waɗanda suka ga Juma'ar 16 ga Janairun 2015, ranar da aka ƙona majami'u a garin nan, sun san cewa da yawa sun fake a barikin soja, wasu kuma maƙwabta Musulmi ne suka ɓoye su. Irin wannan amana ba a ranar tashin hankali ake ƙulla ta ba. Shugaban da unguwarsa ba ta san shi da gaskiya ba, wa'azinsa ya tsaya a bakin ƙofar majami'a.

Sannan ka nemi mutum ɗaya da zai iya ce maka ka yi kuskure. Musa ya sami surukinsa Yetro, Dawuda ya sami annabi Natan. A wurinmu kunya da girmama na gaba sukan hana a faɗa wa babba gaskiya, sai dai a yi ta a bayansa, don haka sai ka roƙa da bakinka. Ka sami tsaranka ko wanda ya girme ka, in da hali daga wata ikilisiya, ku riƙa zama sau ɗaya a wata a kan shayi. Ka ba shi izini ya tambaye ka kuɗi, ya tambaye ka gida, ya tambaye ka ko akwai wata mace da saƙonninta suka fara yawa a wayarka.

Maganar kuɗi zan ɗan daɗe a kanta, domin a nan na ga mutanen kirki sun faɗi, kuma ba da niyyar sata suka fara ba. Yaro ya kwanta ciwo, albashi bai zo ba, baikon Lahadi yana cikin akwati a ɗaka. Mutum ya ɗauki jika biyar ya ce zai mayar ƙarshen wata. Ƙarshen wata ya zo da nasa matsalolin. Kafin shekara ta zagayo ya rasa adadin abin da ya ɗauka, ya fara jin haushin duk wanda ya tambayi lissafi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga yadda za ka toshe tsagar. Mutum biyu ne za su ƙirga baiko da zakka nan take bayan sujada, waɗanda ba ƴan gida ɗaya ba, su rubuta adadi da kwanan wata a littafi, su sa hannu su biyun. Kuɗin ya tafi wurin ma'aji ko asusun ajiya, kada ya kwana a gidan mai wa'azi. Duk abin da aka saya, ko kwan fitila ne, a kawo takarda. Kowane wata uku ma'aji ya tsaya gaban jama'a ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita. In kai kanka ka shiga matsi, ka kai kukanka gaban dattawa a fili, a rubuta. Manzo Bulus, da duk matsayinsa, bai yarda ya ɗauki gudummawar ikilisiyoyi shi kaɗai ba, sai da aka haɗa shi da ƴan'uwan da aka zaɓa, don kada kowa ya sami abin zargi. Ka duba 2 Korantiyawa 8:18-21. Nehemiya kuwa ya yi shekara 12 yana gwamna bai karɓi abincin da ya cancanci gwamna ba, saboda ya ga nauyin da ke kan jama'a.

Haka ma in taimako ya zo daga waje, buhunan gero ko shinkafa a shekarar da damina ta yi gardama. Rigimar farko da aka rubuta a cikin ikilisiyar Urushalima a kan rabon abinci ce, a Ayyukan Manzanni 6, inda gwaurayen wani ɓangare suka ga ana tsallake su. Manzanni ba su riƙe rabon ba, suka ce jama'a ta zaɓi mutum bakwai. Kai ma ka sa a rubuta sunayen mabukata tun kafin kaya su iso, a karanta a gaban dattawa da shugabannin mata, wasu su raba, kai ka tsaya gefe.

To, yanzu sai renon wasu. A 2 Timoti 2:2 akwai zuriya huɗu a aya ɗaya: Bulus, Timoti, amintattun mutane, da waɗanda su kuma za su koya wa. Kalmar da za ka riƙe ita ce aminci. Idonmu yakan tafi kan mai zaƙin baki, ko mai kyakkyawan Faransanci, ko mai albashi mafi tsoka. Ka ɗauki wata biyu kana lura kawai. Wa ke zuwa kafin lokaci? Wa aka aika da saƙo ya dawo da canji daidai? Wa ke lura in wata tsohuwa ba ta zo ba? Wa aka yi wa gyara bai ɗauke ƙafa ba? Ka yi addu'a a kan sunayen, ka zaɓi biyu ko uku, kada su wuce haka. Kada dukansu su zama ƴan ƙabilarka ko ƴan gidanka. A ganina, lalle ɗaya daga ciki ya zama mazaunin gari, tela ko manomi ko makanike, wanda ba takardar da za ta ɗauke shi. Masu wucewa ma ka koya musu, kyauta ce kake shirya wa ikilisiyar Gure ko Tanut ko Magarya. Mata kuma kada a bar su a baya. Kowa ya san zumuntar mata ce ke riƙe da yawancin majami'unmu, kuma Bilkisu da mijinta Akila ne suka zaunar da Afolos, gwanin magana, suka ƙara fayyace masa hanyar Allah. In kai namiji ne, ka haɗa matarka ko wata dattijuwa cikin renon ƴan mata, kada ka keɓe da su.

Yadda ake koyarwar, ka je wurin dukawan garin nan ka gani. Baduku ba ya miƙa wa sabon yaro fata sukutum da wuƙa. Yaro yakan fara da zama yana kallo, yana miƙo basilla. Sannan a ba shi guntaye ya gwada ɗinki. Sannan ya ɗinka ƙaramar jaka maigida yana duban hannunsa. Yanka shi ne na ƙarshe, domin fata tana da tsada. Bayan haka a yaye shi. Yesu ma haka ya yi: Markus 3:14 ya ce ya zaɓi sha biyun domin su kasance tare da shi, sai a sura ta shida ya aike su biyu-biyu.

Ka fara da ziyara. Duk inda za ka, asibiti ko gidan makoki ko sulhun ma'aurata da ba na sirri ba, ka ɗauki ɗaya a bayan babur. A hanyar dawowa ka tambaye shi me ya gani, me ya sa a ganinsa ka yi shiru a wuri kaza. Bayan ziyara huɗu ko biyar, ka ce shi zai karanta nassi. Bayan wasu, shi zai yi addu'a. Sannan wata rana ka ce ya ja gaba, kai ka zauna a bakin ƙofa. Haka za ka bi da jan sujada: sanarwa, karatun nassi, tafinta, sannan jan sujada gaba ɗaya. Wa'azi kuwa a fara shi a addu'ar Laraba, inda mutane ba su da yawa, minti biyar kawai. Ka ba shi ayoyi kaɗan tun mako guda kafin ranar, ka ce ya karanta su sau goma, ya amsa tambaya uku: me wurin ya ce, me yake nufi ga waɗanda aka fara rubuta wa, me yake nema daga gare mu a Damagaram. Ya fito da magana ɗaya tak. Ranar Litinin ku zauna ya faɗa maka ita da bakinsa.

Na farkon da na rena tela ne. Ranar da na ce zai yi magana a addu'ar Laraba, ya tsayar da keken ɗinki ya ce, "Baba, ni ban yi nisa a lakol ba, ga malamai a wurin." Na ce, "Ɗana, wa ya koya maka yanka?" Ya ce maigidansa. Na ce, "Yadi nawa ka ɓata?" Ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Ranar Laraba ya tsaya da takardarsa, wadda ya rubuta a bayan kwalin maɓallai, hannunsa yana rawa har ana jin motsin kwalin. Ya yi magana a kan ɓatacciyar tunkiya, bai kai minti huɗu ba, ya manta bai rufe da addu'a ba ya zauna. Wata mama a bencin gaba ta ce "Amin" da ƙarfi, ta rufe masa. A lissafina, daga ziyarar farko zuwa wa'azin Lahadi na farko shekara guda ta ishi mai himma. Da koyo akan iya.

Gyara kuwa yana da ƙa'ida. Kada ka gyara shi a gaban jama'a, kada kuma ka hau bagade ka yi masa habaici. Matiyu 18:15 ya ce tsakaninka da shi kaɗai, Galatiyawa 6:1 ta ce da tawali'u. Ka bari kwana ɗaya ya wuce. Ka fara tambayarsa yadda shi ya ga abin, sau da yawa zai riga ka faɗin kuskuren. Ka faɗi abin da ya yi daidai dalla-dalla, sannan ka ɗauki gyara ɗaya, sauran ka ajiye wa wani zama. Ka kuma bambanta kuskuren koyo da zunubi. Wanda ya rikice a wa'azi ƙarfafawa yake bukata. Wanda ya taɓa baiko ko ya yi ƙarya, sai a dakatar da shi, a bi shi da ƙauna har ya tuba. Ko a nan kada ka yi saurin yanke ƙauna. Yahaya Markus ya gudu ya bar Bulus da Barnaba a tsakiyar tafiya, har suka rabu a kansa a Ayyukan Manzanni 15. Barnaba ya riƙe shi. Shekaru bayan haka, a 2 Timoti 4:11, Bulus da kansa ya ce a zo masa da Markus, yana da amfani a gare shi.

Mataki na ƙarshe shi ne ya fi ciwo: sakin aiki. Yetro ya ga Musa yana shari'a daga safe har yamma, ya ce masa zai gajiyar da kansa da jama'a, ya naɗa shugabanni na dubu, na ɗari, na hamsin da na goma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In za ka miƙa aiki, ka miƙa a fili, kamar yadda Musa ya tsayar da Joshuwa gaban taron jama'a ya ɗora masa hannu a Littafin Ƙidaya 27. Ka faɗa wa ikilisiya cewa daga yau zumuntar matasa, ko tsarin masu wa'azin Laraba, yana hannun wane. Ka ba shi aikin tare da ikon yanke shawara da ɗan kuɗin da aikin ke bukata. Mutane za su ci gaba da zagayowa wurinka: "Baba, ka ce wani abu mana." Ka ce, "Kun je wurinsa?" Ka mayar da su. In ka warware abin da ya ƙulla sau biyu, ka karya shi, ba wanda zai sake jin maganarsa.

Kuma ka shirya wa ranar da za ka ji ana yabonsa fiye da kai. Za ta zo, in ka yi aikin da kyau. Na ji ta a ƙirjina ranar da wata tsohuwa ta ce mini wa'azin telan nan ya fi shiga kunnenta. Saul ya ji mata suna waƙar dubbansa da dubun dubban Dawuda, ya ɗauki mashi. Yahaya Mai Baftisma ya ji jama'a sun koma wurin Yesu, ya ce dole Yesu ya ƙaru, shi ya ragu. Barnaba ne ya je Tarsus ya nemo Shawulu, wato Bulus, amma daga sura ta 13 ta Ayyukan Manzanni sunan Bulus ya fara shiga gaba. In ka ji kishin ya motsa, ka kai shi gaban Allah da asuba, ka faɗa wa abokin shayinka, sannan ka yabi yaron da bakinka a gaban mutane.

Kafin ka gwada su, ku zauna ku rubuta takarda ɗaya: wa ke da makulli na biyu da na uku, wa zai ja sujada in fasto ba ya nan, wa zai yi wa'azi in shi ma ba ya nan, su wa ke ƙirga baiko, wa za a kira in an yi rasuwa ko an kwantar da wani a asibiti. A manna ɗaya a bayan ƙofa, ma'aji ya riƙe ɗaya. Sannan ka zaɓi Lahadi biyu a jere, ka sanar tun da wuri cewa ba za ka taɓa komai ba. Ka zo kamar kowa, ka zauna a bencin baya kusa da yara. Za a fara a makare, za a ɗauki waƙa da sama, mai sanarwa zai manta wani abu, kowa zai waiwayo yana neman idonka. Ka dubi littafin waƙoƙinka. Ranar Litinin da yamma ka bi ta shagon wanda ka rena, ka zauna a kan bencinsa, ka tambaye shi wanne yaro ya lura da shi a cikin matasa da zai fara ɗauka a bayan babur.